Gargaɗi: Kada Mu Saba da Ganin Kwaɗo a Ƙofar Makaranta

Ranar 19 ga Maris, 2020, mako uku bayan an tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Gwamnonin Arewa maso Yamma suka ce hutun na kwana talatin ne. Yara suka tattara littattafai suka tafi gida da murna. Kwana talatin ɗin nan bai ƙare ba sai a watan Oktoba, bayan sama da wata shida, kuma har yau akwai yaran da nasu hutun bai ƙare ba.

Ban ga laifin rufewar farko ba. A lokacin babu wanda ya san halin cutar. Ana ta jin yadda take kwasar tsofaffi a Italiya, asibitoci sun cika sun batse. Ranar 17 ga Afrilu ta yi ajalin Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. A Kano kuwa, wanda ya zauna a birni cikin wannan Afrilun ba ya buƙatar a ba shi labari: masu haƙar kabari sun jigata, kullum sai an ji rasuwar wani dattijo, ko wani farfesa, ko wani basarake. Daga baya Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma ana ganin rabinsu ko fiye suna da nasaba da korona. Shugaban da ya rufe makaranta a irin wannan hali bai yi wauta ba.

Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne wanda ya biyo baya, wanda korona ta tafi ta bar mana, yana kuma ta yaɗuwa a tsakaninmu: mun saba. Hukuma ta gano cewa rufe makaranta shi ne mataki mafi araha da za ta iya ɗauka. Ba ya cin ko sisin kwabo, sanarwa ce ta minti biyu a rediyo, kuma kowa zai ce an tashi tsaye. Iyaye su ma sun ga yaro ya yi wata shida a gida duniya ba ta tashi ba. Tun daga nan kwaɗo ya zama maganin farko da ake lalubowa duk sanda wani abu ya taso, kuma wanda ya sa shi ba ya jin wajibi ne ya faɗi ranar cirewa, balle ya faɗi aikin da zai yi kafin ranar.

Dubi yadda aka buɗe ƙasar a wancan karon. Kasuwa ba ta taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Ko a tsakiyar kullen Kano ana ware ranakun fita cefane, jama'a su yi cincirindo kafaɗa da kafaɗa. A farkon Yuni gwamnatin tarayya ta sassauta wa masallatai da coci-coci. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi, ranar 8 jiragen cikin gida suka tashi. A Agusta da Satumba 'yan siyasa suka cika filaye a Jihar Edo suna yaƙin neman zaɓen gwamna. Duk wannan ana yi, ajin 'yan firamare yana garƙame. To ina yaran da aka ce ana karewa suke? Suna Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari da Dawanau da tashoshin mota, faranti a ka, suna kutsawa cikin cunkoson da ya ninka na aji, suna karɓar kuɗi daga hannun kowa.

Muhawarar da aka yi kan komawa ita ma ta nuna 'ya'yan wa ake tunani. Ranar 6 ga Yuli ƙaramin Ministan Ilimi, Chukwuemeka Nwajiuba, ya ce za a fara jarrabawar WAEC ranar 4 ga Agusta. Bayan kwana biyu babban ministan, Malam Adamu Adamu, ya fito ya ce makarantun tarayya ba za su shiga ba, ya gwammace ɗalibai su yi asarar shekara guda da a jefa su cikin haɗari. Kafin wata ya ƙare aka sake shawara: 'yan ajin ƙarshe su koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawa ta fara ranar 17. Jaridu da gidajen rediyo sun ɗauki zafi, amma hayaniyar duk a kan masu gama sakandare ce, waɗanda an biya musu kuɗin jarrabawa, iyayensu kuma suna da bakin magana. Yaron aji biyu na firamare a Ɗambatta ko Gumel, wanda a watan Maris ya fara haɗa baƙi da wasali, ba a ko ambace shi ba.

Na fahimci tsoron Malam Adamu, tsoro ne irin na uba. Sai dai asarar shekara ba iri ɗaya ba ce ga kowane yaro. Ɗan mai hali an ɗaukar masa malamin lesin, ga wayar babarsa, ga darasi ana turowa ta WhatsApp. Shi nasa jinkiri ne. Ɗan talaka nasa yankewa ce. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun yi ƙoƙari sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Amma rediyon gida guda ɗaya ne, na maigida ne kuma, da safe yana rataye a kafaɗarsa ya nufi gona ko shago. Ko an bar shi a gida, rediyo ba ya kama hannun yaro ya nuna masa yadda ake rubuta baƙi, ba ya leƙa littafinsa ya ce nan ka yi kure. Ƙaramin yaro da ya yi wata shida bai riƙe fensir ba, ɗan abin da ya koya ma zubewa yake yi.

Tambayi duk hedimastan da ya buɗe rajista a Oktoban 2020 ya kira suna. A ajujuwan manya, musamman na 'yan mata, sunaye da yawa ba mai amsawa. Masu himma daga cikin malamai sun bi gida-gida, kuma amsar kusan iri ɗaya ce. A yi sallama, maigida ya fito zaure, a shimfiɗa tabarma, a gaisa, malam ya tambayi yarinya.

"Allah gafarta Malam, ai ba mu san ranar komawa ba. Zaman ya yi yawa, ga masu nema suna ta sintiri a ƙofar gida, sai muka karɓi gaisuwa. An sa rana bayan girbi."

"Haba Malam, yarinya mai ƙoƙari haka, ga shi ta kusa gamawa?"

"To, sai dai ka yi wa mijin magana."

Wannan uban ba mugu ba ne. An bar shi da 'ya budurwa a gida, ba makaranta, ba ranar komawa, ya yi abin da ya sani. Da tun farko an ce masa ranar kaza za a koma, kuma ya ga alamar za a cika alkawari, da shi da irinsa da yawa sun jira. Yaran maza kuwa an kai wani garejin kanikanci, wani shagon ɗinki, wani ya kama tura baro. Yaron da ya ɗanɗani kuɗin hannunsa yana da shekara goma sha biyu, da wuya ka sake zaunar da shi a ƙasa yana maimaita jadawalin lissafi.

Kuma ba za mu ce ba mu sani ba. Saliyo ta rufe makarantu kusan wata tara lokacin Ebola, daga 2014 zuwa Afrilun 2015, dubban 'yan mata suka ɗauki ciki a tsakanin, gwamnati kuma ta hana su komawa aji, ba ta janye hanin ba sai a Maris na 2020. Wannan darasi yana gabanmu kafin mu rufe namu. Yuganda ta yi kunnen uwar shegu da shi fiye da kowa, ta bar makarantu a rufe kusan shekara biyu, sai ranar 10 ga Janairun 2022 aka koma, bayan hukumar tsare-tsaren ƙasar da kanta ta yi hasashen cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ɗalibai ba za su dawo ba. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta rufe a Maris ta buɗe ranar 1 ga Yuni. Yaron Maraɗi ya koma aji sama da wata huɗu kafin ɗan'uwansa na Katsina, alhali yanayinsu ɗaya, talaucinsu ɗaya.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a buɗe ko ta halin ƙaƙa. Wannan ma halaka ce, kuma tana da masu goyon baya. Mun ji masu cewa babu wata korona, ko kuma cutar masu hawa jirgi ce. Mun ji masu makarantun kuɗi suna matsa lamba a buɗe, kuma na tausaya wa malamansu da suka yi watanni ba albashi, amma yunwar malami ba ta mayar da aji ya zama wuri mai aminci. A watan Mayun 2020, kwana goma bayan komawa, cutar ta ɓarke a wata sakandare a birnin Ƙudus, ɗalibai sama da 150 da ma'aikata 25 suka kamu. Da aka bincika, sai aka ga an yi tsananin zafi a makon, aka yafe wa yara sa takunkumi, aka dogara da na'urar sanyaya ɗaki, ga ɗalibai 35 zuwa 38 a kowane aji. Wannan adadin su ne suke kira cunkoso. Mu a nan, ajin firamaren gwamnati mai yara ɗari ba abin labari ba ne.

Shi ya sa ƙa'idojin komawa da Ma'aikatar Ilimi ta fitar a Yulin 2020 suka tsaya a takarda. An ce a bar tazarar mita biyu tsakanin ɗalibai, a wanke hannu da ruwa mai gudana, a auna zafin jiki a ƙofa. A makarantar da yara suke zaune a ƙasa gwiwa na gogar gwiwa, ba famfo, ba rijiya, banɗaki ɗaya ya cika ya toshe tun bara, wa zai auna mita biyu? Abin da aka yi shi ne abin da kowa ya gani. Aka ajiye bokiti mai famfo a bakin ƙofa da guntun sabulu. Maigadi ya riƙe na'urar auna zafi yana nuna ta a goshin yara, sau da yawa ba ya ko duba lambar da ta fito. Yaro ya sa takunkumi ya wuce ƙofa, ya zare ya miƙa wa ƙanensa ta katanga shi ma ya shigo da shi. Mako na biyu ruwan bokiti ya ƙare ba mai ɗebowa, mako na uku bokitin yana ofishin hedimasta ana jiran ranar da masu duba makarantu za su zo. Wata shida makarantun nan suna fayau ba kowa a ciki, lokacin da ya fi dacewa a haƙa rijiyar burtsatse, a gyara banɗaki, a fasa tagogi, a yi rumfuna. A mafi yawansu ba a taɓa komai ba. Mun rufe ba shiri, mun buɗe ba shiri, sai Allah ya rufa asiri da yake korona ba ta cika yi wa yara mummunan kamu ba.

Alhali akwai hanyar da ba ta fi ƙarfinmu ba. Denmak ta buɗe tun ranar 15 ga Afrilun 2020, ta fara da ƙananan yara, ta raba su rukuni-rukuni, ta fitar da darussa da yawa waje, kuma cutar ba ta ɓarke saboda haka ba. Cutar numfashi ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki inda iska ba ta ratsawa. Mu kuwa muna da inuwar darbejiya da ta mangwaro a harabar makarantu, kuma karatu a fili ba baƙo ba ne a ƙasar da aka gaji makarantar allo. Da an raba aji biyu, wasu da safe wasu da yamma, ko wasu yau wasu gobe, da yaro ya sami rabin karatu, kuma sunansa bai fita daga rajista ba. Da an ɗauke wa malamai tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini shiga aji, tunda su cutar ta fi kayarwa.

Abin da aka yi wa almajirai kuwa ya isa ya nuna cewa watse yara ba shi ne kare su ba. A Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka yanke shawarar rufe tsangayu da mayar da kowane almajiri jiharsa. Aka kwashi ƙananan yara aka cusa a motoci, ana ta musayarsu tsakanin jihohi a daidai lokacin da aka hana manya tafiya. Gwamnatin Kaduna ta ce 65 daga cikin waɗanda aka kai mata daga Kano suna ɗauke da cutar, Jigawa ma ta sami da dama. Karantarwar Manzon Allah (SAW) a kan annoba sananniya ce ga kowane almajiri: wanda ke waje kada ya shiga, wanda ke ciki kada ya fita. A kanta ne Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can. Mu kuwa muka ɗebi yara daga inda cutar ta fi tsanani muka rarraba su ƙauyuka da hannunmu.

Wata biyu kacal bayan komawa, ranar 11 ga Disamban 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Aka rufe makarantu. Cikin makon Kaduna ta rufe nata saboda korona ta sake tasowa. Sai Kagara a Fabrairun 2021, sai Jangebe inda aka ɗauke 'yan mata 279, sai Tegina, sai Birnin Yauri. Kowane karo amsar ita ce a rufe, wani lokaci jiha guda sukutum, har da makarantun da ke tsakiyar birni nesa da daji. Jami'o'in gwamnati kuwa sun yi wata tara a rufe a 2020 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU. Ba na raina barazanar 'yan bindiga, kuma ba zan ce uba ya bar ɗansa a makarantar kwana da ba katanga a bakin daji ba. Amma wanda ya rufe makaranta bai gina katangar ba, bai kawo tsaro ba, bai mayar da yaran wata makaranta mai aminci ba, ya ba ɗan bindiga abin da yake so ba tare da ya sake harba harsashi ba. Tun kafin korona UNICEF tana ƙiyasta yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. A 2022 UNESCO, wadda ta haɗa da 'yan shekarun sakandare a lissafinta, ta ce sun kai kusan miliyan 20. Kowace rufewa tana ƙara wasu a kan wannan tulin, kuma ba duka suke dawowa ba.

Annoba ta gaba ba lalle ta yi wa yara sassaucin da korona ta yi ba. Ba ma sai an jira ta ba, tana cikinmu. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ke ɗauke da mafi yawan masu kamuwa, kuma yara yake kamawa, galibinsu waɗanda ba a yi musu rigakafi ba. A farkon 2024 sanƙarau ya shiga makarantun kwana a yankin Potiskum na Jihar Yobe, ɗalibai suka rasu. A farkon 2025 mashaƙo ya shiga King's College ta Legas, makarantar tarayya mai daɗaɗɗen suna, ya kashe ɗalibi. In cuta ta shiga irin wannan makarantar, yaya ɗakin kwanan da yara suke barci biyu-biyu a katifa ɗaya, tagogi a toshe da kwali, ba ɗakin jinya, ba ma'aikaciyar lafiya ko ɗaya? Waɗannan cututtuka biyu suna da allurar rigakafi. Ta mashaƙo tana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako na shida da na goma da na sha huɗu, kyauta a asibitocin gwamnati. Yaron da ya mutu da mashaƙo a yau, sakacin manya yana da kaso a cikin mutuwarsa.

Don haka nake kira ga gwamnoni da kwamishinonin ilimi da hukumomin ilimin matakin farko na jihohi (SUBEB): a rubuta tsarin rufewa da buɗewa yanzu, tun ana zaune lafiya, a kuma bayyana shi ga jama'a. In cuta ta ɓulla a aji, a sallami ajin. In ta kama makaranta, a rufe makarantar. In ta mamaye ƙaramar hukuma, a tsaya a kanta. Babu dalilin da zai sa ɓarkewar cuta a Legas ta kulle firamare a Illela ko Maigatari. Duk sanarwar rufewa ta zo da ranar da za a sake duba lamarin, da aikin da za a yi a tsakani, da sunan jami'in da za a tuhuma in ba a yi ba. Ƙananan yara su ne farkon komawa, domin su ne ba sa iya karatu su kaɗai. Kuɗin hukumar ilimin matakin farko ta tarayya (UBEC) da jihohi da yawa suke bari a Abuja saboda sun ƙi biyan nasu kason, a je a karɓo a zuba a ruwa da banɗaki da ƙarin ajujuwa. A riƙa duba katin rigakafi ranar shigar yaro makaranta, wanda ba shi da shi kada a kore shi, a yi masa allurar a nan take. Limamai da masu unguwanni da dagatai su ma da nasu aikin: su ne suka san gidan da yarinya ta daina fita da safe.

Kai kuma mai karatu, uba ne kai ko uwa ko yaya, kada ka jira gwamna. Cikin makon nan ka je makarantar da ɗanka yake, ka leƙa ajinsu ka ƙirga kawuna, ka nemi a nuna maka inda suke shan ruwa da inda suke kewayawa. In makarantar kwana ce, ka shiga ɗakin kwanan da ƙafarka. Abin da ka gani ka kai shi taron iyaye da malamai, ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, ku bi sawun takardar. Ka ɗauko katin rigakafin 'ya'yanka ka duba, in da allurar da ta wuce su ka kai su asibiti. Duk ranar da ka ji an ce an rufe makarantu, ka buga waya gidan rediyo ka tambayi ranar komawa, ka ci gaba da tambaya har a faɗa. In kuma akwai yaro ko yarinya a layinku da aka daina gani da kayan makaranta, ka je ka sami mahaifinsa ku zauna, tun zangon nan bai ƙare ba.